Yadda Gwajin Jini Ya Tona Yawan Masu Hapis

Tun zamanin Girkawan dā likitoci ke lura da ƙurajen da kan feso a leɓe bayan zazzaɓi. Sunan hapis ma daga kalmarsu ta "rarrafe" ya samo asali, saboda yadda ƙuraje ke bin fata. A 1736 likitan Faransa Jean Astruc ya bayyana irinsu da ke fitowa a al'aura. Amma har farkon ƙarni na 20, da ido ake ƙidaya masu cutar, duk wanda ba a ga ƙurji a jikinsa ba sai a ɗauka lafiyarsa ƙalau.

Gwajin jini ne ya rushe wannan lissafi. A 1930 Andrewes da Carmichael, masu bincike a Ingila, suka gano cewa jinin yawancin manya na ɗauke da alamar haɗuwa da ƙwayar cutar. A 1939 Burnet da Williams a Ostareliya suka nuna cewa tun ƙuruciya ake kamuwa, sannan ƙwayar ta zauna a jiki har ƙarshen rayuwa. Cikin jijiya take lafewa, sai zazzaɓi ko raunin garkuwar jiki ya tashe ta. A shekarun 1960 aka tabbatar iri biyu ce: ta farko ta fi zama a baki, ta biyu a al'aura.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin ɗari, na ɗauke da ta farko. Ta biyu kuwa tana jikin mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49, kuma ta fi yawa a Afirka. Ta farko kan bi yawu da sumba, ta biyu kan bi saduwa. Mata sun fi maza kamuwa da ta biyu, haɗarin kuma na ƙaruwa da shekaru da yawan abokan kwanciya.

Akasarin masu ɗauke da ita ba su sani ba, kuma tana iya yaɗuwa ko babu ƙurji. Asiklobir, maganin da aka amince da shi a Amurka a 1982, yana sassauta ta, bai raba ta da jiki. Ɓarnarta mafi muni tana kan jaririn da ya kamu wajen haihuwa, sai kuma yadda ta biyu ke ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau uku. Mai juna biyun da ta ga ƙurji a al'aura, gaya wa ungozoma ko likita ya fi mata ɓoyewa.