Gyaran tsohon zanen fentin mai

Gyaran tsohon zanen fentin mai sana'a ce ta tsabtace hoton da aka zana a kan ƙyalle ko katako, da ɗinke inda ya yage. Banis ɗin da ake shafawa a saman zane yakan koma ruwan ɗorawa da tsufa, ya haɗu da ƙura da hayaƙi ya rufe fuskar mutumin da aka zana. Mai gyara yakan fara haska zanen da fitilar ultrabayolet, sannan ya bi shi da auduga a tsinke, jiƙe da sinadari, kaɗan-kaɗan. Garaje kan ɗebe fentin asali. Inda fenti ya ɓare, sai a cike da wanda za a iya cirewa daga baya.

Misali, a Amsterdam, an ɗinke zanen Rembrandt na 1642, wanda wani ya yayyanka da wuƙa a 1975.