Tarihin neman maganin da babu shi, da yaron da aka bari da ciwonsa

Ya kai uba, ya ke uwa, watakila labari ya iske ku daga makarantar kwana cewa ana tsokanar ɗanku da sunan ɗan daudu, ko ana zargin 'yarku da maɗigo. Kafin ku fita neman maganin da zai sauya yaron, ku san cewa an riga ku bin wannan hanya, kuma tarihi ya adana inda ta ƙare.

A Turai likitoci sun daɗe suna ɗaukar sha'awar jinsi ɗaya a matsayin cuta. A shekarar 1952 wata kotu a Ingila ta sami masanin lissafi Alan Turing da laifin luwaɗi, ta ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar stilboestrol, mai aiki irin na sinadarin jikin mata. Ya zaɓi allura. Shekara guda ana yi masa, har nono ya fito masa. A 1954 aka tsinci gawarsa, bincike ya ce guba ya sha. A waɗannan shekaru ne Kurt Freund ya gwada wata dabara a birnin Prague: a ba mutum maganin sa amai yayin da ake nuna masa hotuna, don ransa ya ƙyamaci abin. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa dabarar ba ta ci nasara ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire lamarin daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi haka ranar 17 ga Mayu, 1990.

A nan gida tarihin ya bi wata hanya. 'Yan daudu sun daɗe a kasuwanni da tashoshin mota na ƙasar Hausa suna sana'ar abinci, kamar yadda Rudolf Gaudio ya rubuta a littafinsa na 2009 kan birnin Kano. Daga shekarar 2000 jihohin Arewa 12, har da Sakkwato, suka kafa dokokin shari'a kan laifuka, sannan a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. Hukuncin addini da na doka kowa ya san su, kuma suna da malamai da alƙalai. Amma a ɗakin kwanan ɗalibai ba a neman shaida. Sanyin murya ko ƙin buga ƙwallo ya isa a laƙaba wa yaro suna, a daina cin abinci da shi, manyan ɗalibai su dake shi da dare da sunan gyara. Wanda ke da wannan sha'awa da wanda aka yi wa ƙazafi, duka ɗaya suke sha, kuma dukansu tsoro ke hana su kai ƙara.

Iyayen da suka rasa ta yi sukan kai yaro gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Dalilan kai su sun bambanta, amma abin da aka gani ya isa ishara.

Ga abin da bincike ya tabbatar. A 2009 mujallar Pediatrics ta buga aikin Caitlin Ryan da abokan aikinta a Amurka: matasan da danginsu suka juya musu baya sosai saboda wannan lamari sun ninka takwarorinsu fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai. Ƙi da wulaƙanci na gida su ne haɗarin da ke hannunku.

Saboda haka, a matsayina na mai harhaɗa magunguna, ina shaida muku cewa babu ƙwaya ko allura da ke sauya sha'awar mutum. Wanda ya sayar muku da ita kuɗinku ya ci. Kada ku ba yaro diazepam don ya lafa. Ku lura da rashin barci, ramewa, ƙin komawa makaranta bayan hutu, faɗuwa a jarrabawa, ko fara shan tiramadol da kodin. Ku kulle magungunan gida da fiya-fiya. Idan ya ce ya gaji da rayuwa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibiti a ranar. Daga Tambuwal ko Kebbe, babban asibitin gari zai iya tura ku Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Ciwon damuwa yana da magani, kuma sirrin majinyaci amana ce a wuyan likita.

Idan dukansa ake yi, ku je wurin shugaban makaranta, ko ku sauya masa makaranta. Za ku iya riƙe aƙidarku, ku kuma riƙe ɗanku. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma nasiha sai da rai take shiga kunne.