Wane Ne Mai Aura? Tarihin Aikatau Ɗaya a Girkancin Da da Hausar Ƙasar Kazaure

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa nahawun kalmar aure yakan adana tarihin iko, wato wanda al'umma ta ɗauka shi ne mai ƙulla aure. Za a kwatanta Girkancin da da Hausar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura.

2.0 Girkancin Da

A Girkancin birnin Atina na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), aikatau gameo na namiji ne: shi ke aura. Mace kuwa wata siga ake ba ta, gameomai, mai nuna ta shiga auren ne ko an shigar da ita. Wannan ya dace da dokarsu, domin ana ƙulla alkawarin da suke kira engue ne tsakanin ango da majiɓincin yarinya. Al'amarin ya ƙara nauyi bayan dokar Ferikilis ta shekarar 451, wadda ta ce ba ɗan gari sai wanda uwarsa da ubansa duk 'yan Atina ne. Daga baya bambancin ya sassauta, har a Girkancin Sabon Alkawari ana samun gameo ga mace, ga kuma gamizo mai ma'anar aurarwa.

3.0 Hausar Ƙasar Kazaure

Masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, tana tsakanin Kano da Daura da Katsina, saboda haka wuri ne da ya dace a saurari haɗuwar karuruwan harshe. Asalin kalmarmu amre ne, kamar yadda ta wanzu a Hausar yamma, inda har akan ji arme. A Kananci baƙin leɓe na ƙarshen gaɓa ya rikiɗe ya zama u, sauyin da Klingenheben ya bayyana a 1928: zamna ta koma zauna, amre ta koma aure. Shaida na nan a kalmar amarya, inda m ta tsira don wasali ya biyo ta.

Ta fuskar nahawu, Bahaushe bai ware jinsi ba. Ana cewa ya auri wance, ana cewa ta auri wane, babu mai gyara wa wani. To, ina ikon ya ɓuya? Yana cikin aurar da, domin uba ko waliyyi ne ke aurar da 'ya, bisa tafarkin Malikiyya. Yana kuma cikin ɗaurin aure, wanda waliyyin amarya da wakilin ango ke yi gaban shaidu, a yanke sadaki, amarya na cikin gida. Haka nan namiji ke neman aure, mace ake kaiwa ɗaki, ita kuma aka fi jingina wa zaman aure.

4.0 Kammalawa

Abin da Girkawa suka zuba cikin sigar aikatau ɗaya, Hausawa sun rarraba shi cikin aura, aurar da, da ɗaura. Don haka wajibi ne mai fassara, da mai nazarin tsofaffin takardun kotunan alƙalai, su lura: "ta aure shi" da "an aurar da ita gare shi" ba magana ɗaya ba ce. Ta biyun ce ke tilasta tambayar wane ne waliyyi, kuma ko an nemi yardarta.