Tsinke, Littafi da Halin Malami: Nazarin Kayan Koyarwa a Firamaren Yankin Tagwai

Yawancin mutanen Minna sun san Tagwai ne da madatsar ruwan da aka gina a ƙarshen shekarun 1970, wadda garin ke sha daga gare ta. Mai nazarin ilimin firamare kuwa, abin da zai ja hankalinsa shi ne ajujuwan ƙauyukan da ke kewaye da madatsar da unguwannin gefen gari da suka miƙe ta can. A aji ɗaya ana iya samun ɗan manomin doya Gbagyi, da ɗan Banufe, da ɗan Bahaushe ɗan kasuwa, da yaron da ya fito daga rugar Fulani, sannan a 'yan shekarun nan har da yaran da iyayensu suka tsero daga Shiroro da Munya da Rafi. Malami ɗaya ne a gabansu. Me ya kamata ya kasance a hannunsa, me kuma ya kamata ya kasance a hannun yaran?

Tambayar tana da nauyi. Babban binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF suka yi a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke iya karanta gajeren labari ya fahimce shi, kuma a lissafi na tushe ma lamarin kusan haka yake. Ina ganin wani ɓangare na matsalar yana cikin yadda muke cusa duk kayan koyarwa a buhu ɗaya. Kayan lissafi malami na iya haɗa su da kansa. Kayan koyon kalmomi sun fi ƙarfinsa, dole hukuma ta samar. Tarbiyyar zuciya da zama da mutane kuwa, kayanta kaɗan ne, amma tana cin lokaci da halin malami. Da aka ce wa malami ya “ƙirƙiri kayan aiki daga abin da ke kusa” a duk fannonin uku, sai aka ɗora masa har da nauyin da ba nasa ba.

Lissafi ne mafi sauƙin bayani. Tun 1966 masanin nan ɗan Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana cewa yaro yakan fara gane abu ta hanyar taɓa shi, sannan ta hotonsa, daga baya ta alamar da ke wakiltarsa. A kan wannan Singafo ta gina koyar da lissafinta. Matakin farko ba ya bukatar ko sisi a Tagwai. Tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma da zare ya isa ya nuna wa yaro dalilin da ya sa 3 ɗin da ke cikin 32 ta fi 3 ɗin da ke cikin 23 daraja. Idan aka ce ya ɗebe 7 daga 32, zai ga tsinke biyu ne kawai a warwatse, sai ya kwance ɗauri ɗaya. Wannan kwancewar ita ce “aro” da ake rubutawa a allo yara na haddacewa ba tare da sanin daga ina aka aro ba. Murafan kwalba, da 'ya'yan tsamiya, da tsakuwa duk suna yin aikin. Ga kuma lissafin da yaran suka zo da shi daga gida: mudu da tiya, da ƙwaryar doya mai ɗari da ake ciniki da ita a kasuwannin Paiko da Gwada, da canjin da 'yar talla ke bayarwa ba ta taɓa kuskure ba. Yarinyar da ta san naira 500 a cire 350 saura 150 ta riga ta iya ɗebewa. Abin da ya rage mata shi ne rubuta ta.

Sai dai akwai inda ake yin tuntuɓe. Malami yakan kawo ɗauri ɗaya ya tsaya a gaban allo yana ɗagawa, yara sittin na kallo. Wannan nuni ne kawai, matakin taɓawa bai samu ba. Sai kowane yara biyu suna da nasu tsinken a kan benci, kuma hakan na yiwuwa domin yaran da kansu za su kawo. Tuntuɓe na biyu shi ne tsallakewa daga tsinke kai tsaye zuwa lambobi, a bar matakin zane, inda yaro zai ja layuka da ɗige a littafinsa su tsaya a madadin ɗauri da tsinke. Galibi a nan yaran tsakiyar aji ke ɓacewa.

Dole a yi magana kan kwali. Duk wanda ya ga ɗaliban kwalejin ilimi lokacin koyon aikin koyarwa ya san yadda ake zana kwalaye masu launi domin mai dubawa ya ba da maki, har kalmar kayan koyarwa ta kusa zama ma'anar kwali a bango. Wani bincike da Paul Glewwe da Michael Kremer da abokan aikinsu suka wallafa a 2004 ya gwada raba irin waɗannan manyan taswirorin bango a makarantun karkarar Kenya, bai ga wani canji a sakamakon jarrabawar yara ba. Ba na cewa a cire su. Jadawalin lambobi 1 zuwa 100 da yara ke tashi suna nunawa da yatsa kullum yana da amfani. Wanda aka liƙa can sama aka manta da shi ado ne.

Batun kalmomi ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Masu binciken koyon harshe, irin su Batia Laufer da Paul Nation, sun nuna cewa mai karatu na bukatar ya san kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafi kafin ya fahimce shi da kansa. Yaron aji biyu da aka miƙa wa littafin Turanci bai san ko rabinsu ba. Shi ya sa yake iya rera shafin gaba ɗaya bayan malami, a tambaye shi abin da ya faru a labarin ya yi shiru. Su Glewwe sun gano irin wannan a Kenya cikin wani aiki na 2009: littattafan da aka raba, da Turanci aka rubuta su, kuma zaƙaƙuran aji kaɗai suka amfana.

Kalma ba ta zama a kan yaro da jerin da aka rubuta a allo aka ce ya kwafa. Sai ya ji ta cikin labari, ya sake haɗuwa da ita a wani wurin, ya yi amfani da ita da bakinsa. Wannan na bukatar littattafai masu hawa-hawa, na farko da kalmomi kaɗan da jimloli gajeru, na gaba ya ɗara. Malamin da ke da aji cike da albashi ɗan kaɗan ba zai zauna ya rubuta irin waɗannan ba, kuma bai kamata a nema daga gare shi ba. Aikin ƙwararru ne da maɗaba'a. Arewa ta taɓa yin sa, kuma ɗan jihar nan ta Neja ne ya yi fice a ciki. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a ƙarshen shekarun 1930 tare da kulawar Rupert East, kuma domin makarantu aka yi shi, kundi uku, saboda an lura yaran da suka koyi haɗa baƙi ba su da abin karantawa. Giɓin da aka gano wancan lokacin shi ne dai a ajin Tagwai yau.

A zamanin nan ma akwai abin koyi. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA da UNICEF ta fara a Katsina da Zamfara ƙarƙashin babban shirin ilimin 'ya'ya mata wanda Neja ma ta kasance cikinsa, tsarinsu ɗaya ne: littafin ɗalibi da Hausa, da jagorar malami mai darasi bayan darasi, da mai zuwa aji ya duba ya gyara. RANA ta ƙara da labaran da malami ke karanta wa yara waɗanda aka saƙa lissafi a cikinsu, dabarar da nake gani ta dace ƙwarai, domin yaro da yawa yana faɗuwa lissafi ne a wurin fahimtar tambaya, tun kafin ya kai ga lambobi. Binciken Benjamin Piper da abokansa na 2018 a Kenya ya auna waɗannan sassa ɗaya bayan ɗaya. Horar da malamai shi kaɗai bai kawo wani abin a zo a gani ba, amma da aka haɗa da littafi ga kowane yaro da jagorar malami, sai sakamako ya tashi.

Wane harshe ke nan za a buga littafin da shi? Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da al'ummar wurin ke amfani da shi. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa hakan zuwa shekara shida na firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shi da komawa Turanci. Ina ganin an yanke hukunci kan abin da ba a taɓa aiwatarwa yadda ya kamata ba, tunda ba a buga littattafan ba, ba a horar da malaman ba. Gwajin Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Amma wajibi ne marubucin Hausa ya faɗi gaskiya a nan: Tagwai ba Kano ba ce. Ga ɗan Gbagyi ko ɗan Banufe, Hausa harshen kasuwa ne da filin wasa. Ta fi Turanci kusa da shi ƙwarai, amma ba da ita uwarsa ke masa tatsuniya ba, kuma akwai iyayen da ke fargabar ta haɗiye nasu harshen. Littafin Hausa da aka kwaso daga Katsina zai yi aiki a Minna, sai dai yana bukatar gyara, kuma yana bukatar 'yan'uwa da Gbagyi da Nufanci. Kafin a kai can, malami na da abin da zai iya yi ba tare da izinin kowa ba: duk sabuwar kalmar Turanci ya tambayi yara yadda ake faɗinta a gidajensu, a rubuta su jere a gefen allo.

Fanni na uku, wato tarbiyyar zuciya da zama da mutane, wasu na ɗaukarsa a matsayin kwalliyar Turawa. A Neja ba za a iya cewa haka ba. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Kagara. A Mayun shekarar aka kwashe yara fiye da ɗari daga makarantar Islamiyya ta Tegina, suka kusa wata uku a daji. A Nuwamban 2025 aka sake yi a Papiri. Yaron da ya baro ƙauyensu da dare, ko bai ga komai da idonsa ba, yakan zo aji da firgici, ƙarar babur ta ɗauke masa hankali, ko ya zama mai faɗa, ko ya daina magana. Tsoro na cinye hankalin da zai riƙe lamba da shi yayin da yake ƙidaya ta gaba. Nazarin da Joseph Durlak da abokansa suka yi a 2011 kan shirye-shirye 213 ya samu cewa koya wa yara sanin abin da ke ransu da sarrafa fushi da sasanta rikici yana ɗaga har sakamakon karatu. A Amurka aka yi yawancin waɗancan shirye-shiryen, don haka ba za a kwafo adadinsu a liƙa wa Tagwai ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne aikin da aka yi da yaran da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a arewa maso gabas da Diffa ta Jamhuriyar Nijar, inda aka haɗa darussan karatu da lissafi da na kwantar da hankali.

Kayan wannan fanni ba a sayen su. Gaisuwa da sunan kowane yaro da safe, da tsarin aji da ba ya sauyawa har yaro ya san abin da zai biyo baya, da aiki bibbiyu inda aka haɗa ɗan gari da baƙo kan tsinke ɗaya, da tatsuniyar da za a tsaya a tsakiyarta a tambayi yara me ke ran Ƙoƙi sa'ad da Gizo ya yaudare ta. Wannan tambayar darasin kalmomi ce kuma, domin yaron da ya iya bambanta fushi da takaici da kunya da bakinsa ya rage bukatar nuna su da hannu. Babban abin da ke rushe duk wannan shi ne bulala. Ba a iya koya wa yaro haƙuri ƙarfe tara a zane shi ƙarfe goma don ya kasa 7 sau 8, kuma malamin da aka bar wa yara tamanin ba tare da an nuna masa wata hanyar riƙe aji ba, ita zai koma wa. Horon da ya fi bukata ke nan.

Saura kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga Hukumar UBEC, kuma a cikinsa akwai kaso na musamman na kayan koyarwa. A ra'ayina, rabon Neja ya kamata ya tafi kusan gaba ɗaya ga littafin yaro da jagorar malami na aji ɗaya zuwa uku, a bar tsinke ga yara. Sannan a kula da abin da ke faruwa bayan mota ta sauke kaya. Wani binciken Bankin Duniya na 2014 a Saliyo ya tarar shugabannin makarantu da yawa sun adana littattafan da aka kawo maimakon raba su, saboda ba su da tabbacin za a sake kawo wasu. Hedimasta da ke tsoron a tuhume shi kan littafin da ya yage zai kulle kabad, kuma daga inda yake tsaye yana da hujja. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha na iya warware wannan da abu biyu: ta sanar da ranar da za ta riƙa kawo sababbi kowace shekara ta kuma cika, sannan mai duba makarantu ya daina ƙirga littattafan da ke cikin kabad, ya shiga aji ya ƙirga waɗanda ke hannun yara.