Iyalin Ɗan Mishan da Kututturan Gonakin Maraɗi

 Yau a filin namu na tarihi ba labarin sarakai za mu yi ba. Labarin wasu baƙi ne, miji da mata Kiristoci 'yan mishan, da suka baro ƙasarsu suka zauna a Maraɗi kusan shekara 18. Kada ki ce ina ruwanki da su. In dai kina hura murhu, kuma kin san yadda itacen girki ke cinye kuɗin cefane a Gumel ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, to labarin nan ya shigo har tsakar gidanki.

Bari mu ɗan koma baya. Ƙungiyar da ta turo su ana kiranta SIM. A 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin kawo addinin Kirista ƙasashen nan namu. Shekara ɗaya tak, biyu suka mutu da ciwo: Walter Gowans a Girku ta wajen Zariya, Thomas Kent a Bida. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Ko bayan da Turawa suka ci ƙasa, gwamnatinsu ba ta sakar wa 'yan mishan mara a masarautun Musulmi ba, saboda alkawarin da aka yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba. Ta ƙofar magani suka samu shiga. Wajen 1937 suka karɓi aikin kula da masu ciwon kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 suka buɗe asibitin ido na Kano, wanda wataƙila kakarki ma ta je. A nan kusa da mu sun zauna a Roni da Malam Madori. A Nijar kuwa sun fara da Damagaram a 1924, sai Tsibiri, sai Maraɗi, sai asibitin Galmi a 1950.

To yaya zaman gidan ɗan mishan yake? Ba gwamnati ke biyansa ba. Mutanen cocinsu na can gida ne ke tara masa gudummawa, in ya yi 'yan shekaru sai ya koma hutu ya ba su labarin aikin, su sake tarawa. Aikin farko shi ne koyon Hausa, miji da mata duka, na Nijar kuma su haɗa da Faransanci. Matar gida ita ce mai tafasa ruwan sha, mai ƙirga maganin zazzaɓi, sau da yawa kuma ita ce mai ɗakin shan magani. Kin san gidan da aka ce ba shiga, namiji ba ya wuce zaure, balle baƙo. Saboda haka matan mishan ne suka san cikin gidajenmu, su ne masu duba jarirai, masu koyar da saƙa da ɗinki. Ba su kuma ɓoye abin da ya kawo su ba, wa'azin addininsu ne. Abin da ya fi ba ni tausayi a zamansu shi ne 'ya'ya. A da, yaro na cika shekara 6 sai a ɗauke shi a kai shi makarantar kwana ta Kent a Miyango kusa da Jos, ba ya ganin uwarsa sai hutu. Da yawa cikinsu da suka girma sun fito sun ce rabuwar nan ta bar musu miki a zuciya.

Cikin wannan layi ne Tony Rinaudo da matarsa Liz suka iso Nijar a 1981 daga Ostireliya, da jaririnsu a hannu. Shi ilimin noma ya karanta, sai aka ɗora masa aikin dashen itatuwa a ƙauyukan Maraɗi. Ƙasar da ya tarar ta sha farin shekarun 1970. Gonaki fayau, iska na kwasar ƙasa, manomi ya yi shuka rairayi ya binne, ya sake, wani lokaci har sau uku. Mata kuwa sun koma girki da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki.

Ya yi ta renon 'ya'yan itace yana rabawa, amma a cikin goma da ƙyar ɗaya ko biyu ke rayuwa. Wanda rana ba ta ƙona ba awaki su cinye, wanda ya tsira gara ta gama da shi. Manoma ma ba su damu ba, kuma suna da hujjarsu. A dokar lokacin itace na gwamnati ne, in ka sare ko a gonarka ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. Wa zai reni abin da ba nasa ba?

A 1983, wata rana yana jan mota cike da dashe, sai ya tsaya ya rage iskar taya don ya iya ratsa rairayi. Shi da bakinsa ya ce a lokacin ya fid da rai da aikin, har ya roƙi Allah Ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda kowa ke ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen, ashe itace ne da aka sare, kututturen na tohowa. Saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima, abin da sabon dashe zai yi shekaru bai samu ba. Ga su nan birjik a kowace gona, sabara ce, kalgo ne, geza ce, kowace shekara a sassabe a ƙone.

Dabarar ba ta da wuya, uwargida, ko ɗanki mai zuwa gona zai iya. In an zo sassabe, maimakon a share kututture duka, sai a zaɓi tohon da suka fi ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, a cire sauran. A rage musu rassan ƙasa da kaifaffen ƙarfe, a kare su daga dabbobi da wuta. Abincin da saiwa ke raba wa toho talatin sai ya koma wa 'yan kaɗan, nan da nan su yi sama. Mutanen Nijar suka sa masa suna sassabin zamani.

Manoma kamar goma ne suka fara yarda su gwada, aka yi ta musu dariya, wai ƙazaman manoma masu barin daji a gona. Wasu ma aka bi dare aka sare musu. Sai yunwar 1984 ta faɗo. Jama'a suka yi ta kwararowa Maraɗi neman abinci, aikin iyalin ya koma rabon hatsi. Aka sa sharaɗi: mai son hatsi ya bar itatuwa a gonarsa. Ƙauyuka kusan 100 suka shiga, aka reni itace wajen 500,000. Ni dai wannan sharaɗi yana mini nauyi, don mai jin yunwa ba ya musu. Ga shaida ma, ana daina rabon hatsi aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci: iska ta ragu, ganye ya zama taki, dabbobi na kwana a inuwa suna zuba kashi, ga reshen sayarwa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Da hukuma ta fara barin manomi ya ci moriyar itacen da ya rena, sai abin ya bazu ba tare da wani Bature a wurin ba.

Bayan shekara 20, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi. Suka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, itace wajen miliyan 200. Ba duka aikin mishan ba ne, a ba kowa haƙƙinsa. A Magarya da Matamaye da Mirya, manoma da kansu suka cika gonaki da gawo, itacen nan da ke zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana. Wannan yanki kuwa shi ne ke bayan iyakar Maigatari, inda aka kafa yankin ciniki maras shinge. Mutanen Dungas da Magarya da ke kawo dabbobi kasuwar Alhamis, gonakinsu ke nan ake magana. A wasu ƙauyukan Damagaram an tarar macen da ke ɓata awa biyu da rabi kullum wajen neman itace ta koma rabin awa. Ke da ba ki fita, lissafa wannan a kan 'yarki da ake aika daji kafin ta tafi makaranta.

Ta fuskar addini, jama'ar Maraɗi Musulmi suka tarar, kuma mafi yawansu Musulmi suka bari, sai ƙaramar al'ummar Kirista da ke da cocinta. Iyalin suka koma Ostireliya a 1999 da 'ya'ya huɗu da suka tashi a ƙasar Hausa. Daga nan Tony ya shiga ƙungiyar World Vision, ya kai dabarar Habasha da wasu ƙasashe fiye da 20. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. A 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da doka mai tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne.

Nan za mu dakata, uwargida. A gaida maigida da yara, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.