Dabarun tsara manhaja: ma'anarsu, asalinsu da yadda ake koyonsu a Yawunde

Dabarun tsara manhaja, waɗanda littattafan Faransanci ke kira patrons de conception, na Turanci kuma design patterns, sanannun hanyoyi ne na warware matsalolin da ke yawan maimaituwa idan ana gina manhajar waya ko ta kwamfuta. Kowace dabara tana da sunanta, da irin matsalar da take magancewa, da yadda ake jera sassan manhaja domin magance ta, da kuma abin da za a rasa idan an bi ta.

Kalmar patron ba baƙuwa ba ce ga telolin unguwar Briqueterie da ke Yawunde, domin ita ce sunan takardar da ake shimfiɗawa a kan yadi a bi ta da almakashi. Takarda ɗaya tana fitar da riguna da yawa, ko da yadin da mai sa rigar sun bambanta. Haka dabarar manhaja take: tsari ne da mai aiki ke daidaitawa da buƙatar da ke gabansa, ba rubutu ba ne da za a kwafo a liƙa.

Ga matasan Briqueterie da Elig-Edzoa da ke rubuta wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya da bashi, maganar ta shafi abinci kai tsaye. Manhajar da aka rubuta ba tsari takan yi aiki ranar da aka miƙa ta. Wahala tana zuwa ne bayan wata shida, lokacin da mai shago ya ce a ƙara masa sabuwar hanyar karɓar kuɗi, a taɓa wuri ɗaya wurare uku su lalace, lissafin bashi ya rikice, mai shago kuma ya koma kan littafinsa na da.

Tushen abin: aji da abu

Dabarun sun ginu ne a kan salon rubuta manhaja da ke kallon komai a matsayin abu mai bayanansa da ayyukansa. Faransanci na kiran salon programmation orientée objet. A manhajar shagon atamfa, turmin zane abu ne, mai saye abu ne, rasit ma abu ne. Kowane turmi yana da launi da farashi, kuma ana iya sayar da shi ko a mayar da shi.

Aji shi ne mazubin da ake fitar da abubuwa daga cikinsa. Sunan Briqueterie ya samo asali ne daga masana'antar bulo da aka yi a wurin tun zamanin mulkin Jamusawa, kuma misalin ya dace: mazubi ɗaya, bulo dubu. Akwai ƙa'idoji uku da ɗalibi ke fara riƙewa. Ta farko killacewa, wato kowane abu ya riƙe bayanansa, kada wani sashe ya sa hannu ya canza su sai ta ƙofar da aka tanada. Ta biyu gado, inda sabon aji ke gadar halayen tsohon aji ya ƙara nasa. Ta uku ita ce a ba abubuwa daban-daban umarni ɗaya, kowanne ya aiwatar da shi yadda ya dace da shi. Umarnin "biya" ɗaya ne, amma biyan tsabar kuɗi daban, biya ta waya daban.

Taƙaitaccen tarihi

Salon aji da abu ya fara ne a birnin Oslo na ƙasar Norway a shekarun 1960, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna Simula. A shekarun 1970 Alan Kay da abokan aikinsa a cibiyar Xerox PARC ta Amurka suka fito da Smalltalk. Harshen C++ na Bjarne Stroustrup ya shiga kasuwa a 1985, Java kuma ya fito a 1995.

Tunanin tara dabaru a ba su suna kuwa daga fannin ginin gidaje ya zo. A 1977 masanin zanen gine-gine Christopher Alexander da abokansa suka wallafa littafin A Pattern Language, mai ɗauke da dabaru 253 na tsara garuruwa da gidaje da ɗakuna. A 1987 Kent Beck da Ward Cunningham suka gwada wannan tunani a kan manhaja. Cunningham ne ya buɗe shafin wiki na farko a duniya a 1995, kuma ya yi shi ne domin masu sana'ar su riƙa tattauna dabarun.

Littafin da ya yaɗa maganar ya fito a 1994 da sunan Design Patterns. Mutum huɗu suka rubuta shi: Erich Gamma, Richard Helm, Ralph Johnson da John Vlissides, shi ya sa ake yi musu laƙabi da gungun mutum huɗu. Sun tattara dabaru 23, da misalai cikin C++ da Smalltalk, kuma an fassara littafin zuwa Faransanci. Shekara 30 ke nan da 'yan kai ana koyar da shi, da tsohuwar zuma ake magani.

Rukuni uku

Marubutan sun raba dabarun gida uku. Guda 5 sun shafi yadda ake ƙirƙirar abubuwa, guda 7 sun shafi yadda ake haɗa su su zama gini ɗaya, sauran 11 kuma sun shafi yadda suke hulɗa da raba aiki a tsakaninsu. Shawara biyu ce ke ratsa littafin. Ta farko, kowane sashe ya dogara da abin da ɗan'uwansa ya yi alkawarin yi, ba ruwansa da yadda yake yinsa a ciki. Ta biyu, haɗa ƙananan abubuwa ya fi dogon gado, domin ajin da ya gaji wanda ya gaji wani yana da wuyar gyara.

Misalai daga shagon yadi

A ɗauka wani mai sayar da shadda da atamfa a Briqueterie yana da masu saye a Garwa da Kano da Maraɗi, ya kuma nemi a yi masa manhaja.

Dabarar zaɓin hanya, wadda ake kira Strategy ko Stratégie. Harajin saye na TVA a Kamaru kashi 19.25 cikin 100 ne, a Nijar kashi 19, a Najeriya kuwa kashi 7.5. Kuɗin ma uku ne: naira, da sefar Afirka ta Tsakiya, da sefar Afirka ta Yamma, waɗanda darajarsu ɗaya ce amma takardunsu daban. Sabon hannu zai cika manhajar da sharuɗɗan "idan Kamaru ce, idan Nijar ce" a duk inda ake lissafi. Mai bin dabarar zai ware wa kowace ƙasa ajinta na lissafi, duk da ƙofa iri ɗaya. Ranar da wata gwamnati ta canza haraji, ko aka samu mai saye a Chadi, aji ɗaya za a taɓa ko a ƙara.

Dabarar tafinta, wato Adapter ko Adaptateur. MTN Mobile Money da Orange Money kowanne yana da hanyar da ya tsara ta karɓar saƙo daga manhajojin waje. Sai a rubuta wa kowane kamfani ɗan ƙaramin aji da zai fassara umarnin shago zuwa yaren kamfanin. Sauran manhajar ba ta san da wa take magana ba, ita dai ta ce a karɓi kuɗi kaza. Idan kamfani ya sauya tsarinsa, tafintansa kaɗai za a gyara.

Dabarar mai shela, wato Observer ko Observateur. Idan an sayar da turmi, allon waya yana buƙatar sabon adadi, littafin riba yana buƙatar a rubuta, maigida kuma yana so a sanar da shi idan kaya sun kusa ƙarewa. Maimakon rumbun kaya ya riƙe sunan kowa, sai masu buƙatar labari su yi rajista a wurinsa, shi kuma ya yi shela duk lokacin da aka samu canji. Matsalarta ita ce idan masu saurare suka yi yawa, gano wanda ya jawo kuskure yakan yi wuya.

Dabarar mataki, wato State ko État. Ɗinkin tela yana bin matakai: an karɓi yadi, an yanka, an ɗinka, an yi aikin wuya, an miƙa. Abin da ya halatta a wani mataki bai halatta a wani ba. Mai kaya na iya fasawa kafin a yanka ya karɓi kafin alƙalaminsa, bayan an yanka kuwa sai dai wata magana. Idan kowane mataki yana da ajinsa da dokokinsa, ba za a wayi gari a jajibirin Sallah manhaja ta nuna an miƙa rigar da ba a ɗinka ba.

Dabarar ƙunshe umarni, wato Command ko Commande. Inda intanet ke yankewa, wannan ta fi kowace amfani. Kowane ciniki ana naɗe shi a matsayin abu guda, a ajiye shi a layi cikin waya, a tura idan sabis ya dawo. Ita ce kuma ke ba da damar warware aikin da aka yi bisa kuskure, kamar yadda ake komawa baya a manhajar rubutu.

Dabarar tilo, wato Singleton. Tana tabbatar da cewa aji ya fitar da abu ɗaya tak, misali hanyar shiga rumbun bayanai. Ita ce mafi sauƙin koyo, kuma ita aka fi yi wa mummunan amfani, domin tana ɗaure sassan manhaja wuri ɗaya har gwada kowanne shi kaɗai ya gagara.

Akwai kuma tsarin da ya girmi littafin, wanda ake taƙaita sunansa da MVC. Trygve Reenskaug ya bayyana shi a 1979, kuma yana raba manhaja gida uku: bayanai, da abin da ido ke gani, da sashen da ke karɓar umarnin mai amfani. Laravel da Symfony, kayan aikin gina shafukan intanet da harshen PHP, a kan wannan tunani suke tafiya. Wanda ya rubuta manhajar Android da Java ko Kotlin ma ya riga ya yi amfani da tafinta da mai shela, ko bai san sunansu ba, domin da su ake cika jerin abubuwa a allo, da su kuma maɓalli ke sanin an danna shi.

Sukar da ake yi musu

Ba kowa ne ya yarda da dabarun ɗari bisa ɗari ba. A 1996 masanin kwamfuta Peter Norvig ya nuna cewa 16 daga cikin 23 suna sauƙaƙa ko su ɓace gaba ɗaya a harsuna irin su Lisp, abin da ke nuna cewa wasunsu cike giɓin C++ ne kawai. A Python da Kotlin, abin da a da ke cin aji uku yanzu yakan ƙare a layi kaɗan. Suka ta biyu ta shafi ɗalibai: wanda ya koyi dabara jiya yakan so ya cusa ta ko'ina, har manhajar da shafi biyu zai ishe ta ta koma aji 20. Ƙwararru kan ba da shawarar a fara rubuta abu mai sauƙi, sai matsala ta maimaitu sannan a kawo dabarar da ta dace da ita.

Inda ake koyo a Yawunde

Babbar makarantar injiniyoyi ta Polytechnique da ke Melen, wadda aka kafa a 1971, tana da sashen kwamfuta, haka ma tsangayar kimiyya ta Jami'ar Yawunde ta 1 da ke Ngoa-Ekellé. Akwai reshen Kamaru na cibiyar IAI, wadda ƙasashen Afirka suka kafa a 1971 da hedkwata a Libreville, sannan makarantu masu zaman kansu na ba da takardar BTS a fannin ginin manhaja. A irin waɗannan wurare akan haɗa darasin da zanen UML, wato alamomin akwatuna da kibiyoyi da ake nuna dangantakar aji da aji, waɗanda suka zama ƙa'ida a 1997.

Birnin ya riga ya fitar da ayyukan da aka sani a waje. Arthur Zang, tsohon ɗalibin Polytechnique, shi ya ƙera Cardiopad, na'urar da ke auna bugun zuciya a asibitin karkara ta aika wa likita sakamako ta layin waya, ya kuma samu kyautar Rolex a 2014. Kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Aurion a 2016.

Matakan koyo

Wanda ba ya jami'a ma yana iya koyo, muddin ya bi abin daki-daki. Da farko ya riƙe harshe ɗaya, Java ko Python ko PHP, har ya iya rubuta aji da gado ba tare da leƙen littafi ba. Sannan ya gina ƙaramar manhaja ta gaske, kamar ta lissafin adashi ko ta littafin bashin wani shago a kasuwar Elig-Edzoa, ya bar mai shagon ya yi ta neman canje-canje. Wurin da gyara ya fi ba shi wahala, nan dabara take jiransa. Littafin Head First Design Patterns na 2004, wanda aka fassara zuwa Faransanci, ya fi na mutum huɗu sauƙin shiga ga sabon ɗalibi, kuma da dabarar zaɓin hanya ya fara.

Ya kamata a haddace sunayen a harsuna biyu. Ɗalibin Yawunde ko Maraɗi yakan ji Fabrique da Décorateur a aji, na Kano ko Zariya yana jin Factory da Decorator, takardun kamfanoni kuwa galibinsu da Turanci suke. Idan matashin Briqueterie da ɗan'uwansa na Kano suka haɗu a kan aiki ɗaya, ɗaya ya ce a sa tafinta a sashen biyan kuɗi, ɗayan ya gane tsarin gaba ɗaya ba tare da an zana masa komai ba. Wannan saurin fahimtar juna na daga cikin abin da masu ɗaukar aiki ke gwadawa idan suka tambayi mai neman aiki wace dabara ya taɓa amfani da ita, da dalilin da ya sa ya zaɓe ta.