Sa sabon ƙyaure a tsohuwar ƙofa: a auna kafin a biya

Jama'ar Birnin Lalle da kewaye, da ƴan uwanmu da ke neman na kansu a Kano, Abijan, Aljeriya ko Libiya: Da yawanku kan aiko kuɗi a canza ƙyauren ɗakin tsohuwa ko na amarya. Sau da yawa sai an ɗauko ƙyauren tun daga Maradi, tafiyar da ta haura kilomita 100, sannan a tarar bai shiga ba. Ga abin da ya kamata mu sani.

Da farko a duba katakon da ke kewaye da bakin ƙofar, wanda kafintocinmu ke cewa kadir. A soka masa wuƙa daga ƙasa. In ta nutse cikin sauƙi, gara ta cinye shi, sabon ƙyaure ba zai zauna ba sai an canza shi. A ginin laka kuma bango kan ɗan motsa bayan damina, ƙofa ta karkace.

Saboda haka awo ɗaya bai isa ba. A auna faɗi wuri 3: sama, tsakiya da ƙasa. A auna tsawo ta dama da ta hagu, a riƙe mafi ƙanƙanta. Sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwa, a gicce. In awon biyun sun bambanta, ƙofar ta karkace, sai kafinta ya zo ya gani da idonsa.

A kula da ma'auni. Mu nan da santimita muke aiki, a Najeriya kuwa kafintoci da dama inci da ƙafa suke ƙirgawa. Inci 1 santimita 2,54 ne, ƙyaure mai ƙafa 3 kuma ya kai santimita 91. Wanda zai sayo daga can, a tura masa awon a rubuce, a faɗa masa gefen da ƙofar ke buɗewa.

Ƙyauren kwantar-filake mai rami a ciki, wato izofilan, yana da araha da rashin nauyi, amma katakon gefensa siriri ne. In aka rage fiye da santimita 1 a gefe guda, ana iya fasa shi. Na katako zalla ya fi jure ragi, sai dai yana son hinji 3 saboda nauyi.

Wajen sawa, a bar tazarar milimita 3 a sama da gefuna, da kamar santimita 1 a ƙasa don tabarma ko leda. Katako na kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Ƙyauren da aka matse a watan Janairu, zuwa Agusta sai da kafaɗa za a rufe shi. In ramukan tsoffin ƙusoshi sun buɗe, a cusa musu tsinken katako da gam kafin a ɗaure. A shafa fenti ko'ina, har da ƙasan ƙyauren da ba a gani, don nan laima ke shiga.

Kuɗin guminku ne. Ku kira gida a auna tukuna, sannan ku aiko. Allah ya sa albarka.